Waldar da Bitrus Bai Ƙarasa Ba

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na yarda in rubuta ta. Sau da yawa nakan ɗauki waya in fara, in kai tsakiya, sai in goge. Wani lokaci in ce wa kaina ai tonon asiri ne, kuma mutanen nan na ci abinci a gidajensu. Wani lokaci in ce ilimina bai kai na rubutu ba, tunda a firamare na tsaya, kada in rubuta abu a yi masa wata fahimta daban. Matata ce ta gaji da ganina a zaune da waya a hannu tuwo yana hucewa, ta ce ko dai in rubuta ko in daina ramewa a gabanta. To, ga shi na rubuta. Ban ambaci sunan garejin ba, kuma ba ɓata sunan kowa nake so ba. Akwai wata mota a wani wuri a ƙasar nan, da wani ƙarfe a bayanta da zai iya kashe mutum, kuma ina jin mai ita bai sani ba. Ita nake nema.

Sunana Isiyaku. Makanike ne ni, mutumin Zariya, amma a Kaduna na koyi aiki. Shekarun da na yi a Manchester kusan duka a gareji guda na yi su, a wani lungu bayan Stockport Road a Longsight. Mu uku ne a ciki. Akwai mai garejin, Alhaji Garba, Bakano, wanda muke kira Oga; shi ke magana da masu motoci, shi ke fenti. Akwai Bitrus, mutumin Pankshin, mai walda. Sai ni a kan inji da birki da giya. Bitrus ne ya sa mini suna Malam Idan-fa, saboda ba na iya sakin mota ban ce "idan fa kaza ya faru" ba. Nakan ɗaure noti, in wanke hannu, in kai bakin ƙofa, in dawo in sake gwada shi da sifana. Na san halina ne, kuma na san yana gajiyar da mutane.

Garejinmu a Ingila yake, amma tsarin aikinmu na gida ne. Duk wanda ya yi aiki a garejin Kaduna ko Kano ya san yadda abin yake: makanike da nasa, mai walda da nasa, rewaya da nasa, mai fenti da nasa. Ba ka taɓa aikin wani, ba ka leƙa shi da fitila, ba ka tambayarsa ko ya yi kyau. In ka yi, ka zage shi ke nan. Na taɓa ganin an bar gaisawa shekara guda a Kaduna saboda wani ya ƙwanƙwasa waldar wani da guduma a gaban mai mota. Da wannan muka tashi, da shi muka zo nan, kuma a gaskiya ya zaunar da mu lafiya tsawon lokaci.

A lokacin sanyin bara Oga ya sayo wata tsohuwar jif mai dizal, irin wadda ƙafafunta huɗu duka ke ja. Ya ce zai shiga wata sabuwar harka. Ga wanda bai sani ba, Turawan nan suna da wani wasa: ranar Lahadi sukan je wani fili ko tsohon ramin dutse a bayan gari, mai wurin ya bar su su shiga da motoci cikin laka da ruwa da tudu, su kafe, a ciro su, su sake komawa. Da Oga ya nuna mana hotonsu a waya, Bitrus ya daɗe yana dariya.

Ya ce, "Oga, mu a gida kullum roƙo muke a gyara mana hanya. Su kuma a nan biya suke a ɓata musu ita?"

Oga ya ce, "Kai dai yi dariyarka. Mutum ɗaya ya ga aikinmu a can, goma za su zo."

Abin da ake yi wa irin wannan mota shi ne a gutsire mata baya. Duk abin da ya wuce tayoyin baya yankewa ake yi, don kada bayanta ya dafe a ƙasa idan za ta hau tudu ko za ta fito daga rami. Ba jikin kawai ake yankewa ba, har da casis, wato dogayen ƙarafan nan biyu da motar duka ke zaune a kansu. Bayan an yanke, sai a kawo wani ƙarfe mai kauri a gicciya a ƙarshensu, a yi masa walda, ya haɗe su. A tsakiyar wannan ƙarfe ake ɗaure ƙugiyar da ake sa igiyar ja. Motar da aka yi wa haka ba ta sake hawa titi sai an bi wasu dogayen matakai na dubawa, Oga kuwa ya ce ba ya buƙata. Ya cire lambarta, ya ce a kan ƙaramar tirela za a riƙa kai ta fili a dawo da ita. Ba lamba, ba MOT, wato takardar shaidar lafiyar mota, ba komai. Ku riƙe wannan, domin shi ya hana ni samun ta daga baya.

Bitrus ya yanka motar, ya tsaftace bakin ƙarafan, ya auna ya sake aunawa. Yana da wata al'ada: sai ya fara ɗosa wuta nan da can, ɗigo-ɗigo, don ƙarfen ya tsaya a inda yake so. Duk mahaɗar da bai ƙarasa ba yakan zagaye ta da farin alli. In ya yi mata cikakkiyar walda, sai ya goge allin da babban yatsansa. Ni na san da wannan al'ada, amma ban taɓa bin ƙarƙashin mota ina ƙirga masa alli ba.

Wata Asabar da rana yana kwance a ƙarƙashin motar aka kira shi daga gida. Na ji injin waldar ya yi shiru. Ya fito ya zauna a kan taya, hular waldar tana ƙasa, ya ce, "Malam, Mama ta tafi." Mahaifiyarsa ce ta rasu. Ni na kai shi gida, ni na tsaya har matarsa ta dawo daga aiki. Cikin kwana biyu ya tashi zuwa Najeriya. Shi ne babba a gidansu, akwai jana'iza, akwai gonaki, akwai ƙanne, don haka zaman nasa ya yi tsawo.

Mako na zagayowa na zo da safe na tarar Oga ya fitar da motar waje yana wanke ƙarƙashinta da injin feshin ruwa, zai shafa mata baƙin fentin nan mai kauri kamar kwalta da ke hana tsatsa.

Na ce, "Alhaji, idan fa Bitrus bai gama ba?"

Ya kashe injin ya dube ni. "Malam Idan-fa, an fara ke nan? Jiya ka ce idan fa rufin garejin ya faɗo. Shekaran jiya ka ce idan fa 'yan duba-gari na council suka zo."

"Ko za mu kira shi mu ji?"

"Mutum yana zaman makokin uwarsa, ka kira shi ka tambaye shi ƙarfe? A ina aka yi maka tarbiyya? Zo ka gani."

Ya taka ƙarfen bayan da ƙafa biyu, ya yi tsalle a kai sau da dama. Oga mutum ne mai jiki, motar duka ta riƙa rawa, ƙarfen bai motsa ba. Na leƙa sama da gefe na ga walda mai kyau, irin ta Bitrus, a jere kamar ƙwayar masara. Ciki da ƙarƙashi kuwa ruwa ya wanke komai, kafin azahar fenti ya rufe. Da na kira Bitrus na yi masa gaisuwa, maganar tana bakina, amma ina jin kukan mata a bayansa da waƙar coci. Na ce Allah ya ba da haƙuri, ya ce amin, muka ajiye waya.

Daga nan motar ta dawo hannuna, kuma ta ba ni wahalar da ta ɗauke mini hankali daga komai. Da yake an yanke inda tankin mai yake, Oga ya sayo wani dogon tanki mai faɗi muka ɗaure a cikin bodin baya. A ƙasa miƙaƙƙiya inji yana aiki lafiya. Da mun ɗaga gabanta sama don gwaji, sai ya fara tari, ya mutu. Na canza matatar mai. Na fitar da iska daga tiyo. Na zargi famfon mai, na kwance shi na mayar, ba abin da ya canza. Sai da na sa tiyo mai haske wanda ake ganin cikinsa, sannan na ga kumfa tana tafiya duk lokacin da hancin motar ya ɗaga. Ashe bakin da ke zuƙar mai a gaban tankin yake. In mota ta kama hawa, dizal ya gudu baya, inji ya zuƙi iska. Gyaran da ya dace shi ne a huda tankin a sauya wurin bakin, amma wannan aikin mai walda ne, mai walda kuwa ba ya nan. Sai na samo wani ɗan ƙaramin tanki kamar gwangwanin madara babba, na ɗaure shi da noti a tsakanin babban tankin da inji, da ɗan famfo da ke cika shi kullum. Ko motar ta miƙe tsaye, inji yana da abin sha. Ranar da ta hau ba ta mutu ba, Oga ya saya mini tsire.

Sai kuma maganar fanka. Oga ya nace a yi mata yadda muke yi a gida, a haɗa ta kai tsaye ta riƙa juyawa kullum, don kada inji ya yi zafi. Na ce ƙasar nan ba Kano ba ce, ya ce inji ba ya sanin ƙasa. Na yi yadda ya ce.

Wata Lahadi muka ɗora ta a tirela muka nufi wani fili a cikin tuddai, arewa da gari. Ban taɓa ganin laka irin wannan ba, baƙa, mai sanyi, tana warin ruɓaɓɓen ganye. Motar ta hau duk inda Oga ya nuna mata, har Turawa suka fara zuwa suna leƙa ta. Da kan Oga ya kumbura, sai ya faɗa wani rami mai ruwa har ƙirji. Fankar tana juyawa ta daki ruwa, ta lanƙwashe, ta yanki lagireto. Motar ta tsaya cak a tsakiyar ramin, tururi yana tashi.

A nan na fara ganin yadda suke ciro mota. Ba sarƙa suke sawa ba kamar mu. Wata igiya ce mai kauri da ke miƙewa kamar roba. Mai ja yakan bar ta da sassauci, ya taho da gudu, igiyar ta miƙe iyakar miƙewarta, sannan ta fizgo motar daga laka gaba ɗaya. Wanda ya zo taimakonmu wani dattijon Bature ne, matarsa tana zaune a gefensa da fulas na shayi a cinya. Kafin ya ja, ya tsuguna ya duba ƙugiyarmu ta gaba, ya kori kowa nesa. Da ya ga ina mamaki, ya kai ni bayan motarsa ya nuna mini wani rami a ƙofar, wanda hannuna zai shige. Ya ce ƙugiyar wani ce ta taɓa cirewa, igiyar ta dawo da ita. Ya ce ta tsaya ne a bayan kujerarsa.

Da yake ta gaban ramin yake, ta gaba ya ja mu. Ƙugiyar gaba ta asali ce, ta riƙe. Muka dawo gareji, na mayar da lagireto can baya a cikin bodi inda ruwa ba ya kaiwa, na sa masa fanka mai lantarki. Ba a daɗe ba Oga ya ce an samu mai saye ta hannun wani dillali a Birmingham, Alhaji Tanko. Wata safiya aka zo da tirela aka tafi da ita. Na tsaya ina kallonta har ta sha kwana, ina jin daɗi, don na sha wuya a kanta.

Ban taɓa mantawa da ranar da Bitrus ya dawo aiki ba, kuma ba na jin zan manta. Ya rame, ya yi baƙi, ya kawo mana zuma da yaji. Muka sake yi masa gaisuwa, muka sha shayi. Ya sa rigar aikinsa, ya jawo injin walda, ya nufi inda motar take a da. Sai ya tsaya.

"Ina yarinyata?"

Na ce, "An aurar da ita Birmingham."

Ya yi dariya. "Ba ku jira ubanta ba? To wa ya ƙarasa mata bayan? Kun kira mai waldar nan ɗan Poland na ƙarshen layi?"

Ya dube ni, dariyar ta bar fuskarsa a hankali.

"Malam, wa ya ƙarasa?"

"Ba wanda ya taɓa."

"Akwai alli. Na bar alli a ciki, hagu da dama, da ƙarƙashi."

"Oga ya wanke kafin fenti."

Ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce sama da gefen waje kawai ya yi. Ciki da ƙarƙashi, inda ƙarfin ja yake taruwa, ɗigo ne kawai, kuma akwai wasu faranti biyu na ƙarfe da ya yanka don ƙarfafa kusurwa. Ya je ƙarƙashin teburinsa ya jawo su. Suna nan, da ƙura a kansu. Ya ce bai ce komai ba ne saboda bai taɓa zaton wani zai taɓa aikinsa ba ya nan. Mu kuma ba mu tambaya ba saboda ba a tambayar mai walda. Ni dai tsohon Baturen nan na tuna, da matarsa da fulas ɗinta. Da ta baya ya zo mana, da ban san me zan faɗa wa Allah ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, in ƙarfen nan ya cire, ba mai motar zai samu ba. Wanda ke ɗaya bakin igiyar zai samu: ko wanda ya zo taimako, ko wanda aka je taimaka wa.

Muka shiga ofis wajen Oga tare.

Bitrus ya ce, "Oga, bayan motar nan ɗosawa kawai na yi."

"Haba Bitrus, ai ɗosawarka ta fi waldar wasu."

"Ba wasa nake ba."

"Na hau na yi tsalle a kai. Tambayi Malam."

"Oga, ko da tumbinka ba ka kai rabin taya huɗun motar ba. Mota ce za ta fizge ta da gudu."

Oga ya ɓata rai. Ya ce abin da ya fita gareji ya fita. Ya ce yanzu ne aka fara kiransa ana tambayar ko zai yi wata, so muke mu kashe kasuwar tun ba ta tashi ba? Na ce ba a ce ya karɓi motar ba, a faɗa mana inda take kawai, Bitrus ya je da injinsa ya ƙarasa, ni zan biya kuɗin man zuwa. Ya ce shi ma bai san mai sayen ba, Alhaji Tanko ne ya sani, kuma kowa ya san dillali ba ya haɗa mai saye da mai sayarwa. Na roƙe shi ya kira Tanko a gabanmu. Ya ce zai kira. Mako ya wuce, na tambaya, ya ce layin ba ya shiga. Wani makon ya ce in na sake tayar masa da maganar, ranmu zai ɓaci.

Sai na ɗauki hutun kwana guda na hau bas zuwa Birmingham, da farantan ƙarfen nan biyu a jaka. Alhaji Tanko yana zama a bayan wani shago a Lozells inda ake tura kaya gida, cikin akwatuna da buhuna. Dattijo ne mai fara'a. Ya karɓe ni hannu biyu, ya sa aka kawo shayi, ya tambayi Oga da iyali da mutanen Longsight ɗaya bayan ɗaya. Da aka gama gaisuwa na fito da ƙarafan na ajiye a kan teburinsa, na yi masa bayani daga farko. Ya saurara har ƙarshe yana jan carbi.

Ya ce, "Malam Isiyaku, Allah ya saka maka da alheri. Irinku sun yi ƙaranci. Zan isar."

"Ranka ya daɗe, da dai ka ba ni lambarsa, ko ka kira shi yanzu in yi masa bayani da bakina. Abin yana da wuyar faɗa in ba a nuna ba."

"Ka taɓa jin inda aka yi haka? Ubana dillalin shanu ne, kakana ma haka. Ban taɓa ganin sun ce wa mai saniya ga gidan wanda ya saya ba. Yau in na haɗa ku, gobe wa zai neme ni?"

"Ba ciniki zan yi da shi ba."

"Kai ba za ka yi ba. Oganka fa?"

Na ce to ya bar ni in rubuta a takarda ya kai masa. Ya ce takarda a ƙasar nan ai shaida ce, so nake a kai shi kotu? Na ce ran mutum fa, Alhaji. Ya ce rai a hannun Allah yake, kuma motar tana hannun mutumin tun tuni, da wani abu zai faru da ya faru. Sannan, don ya kwantar mini da hankali, ya faɗi abin da ya hana ni barci tun daga ranar. Ya ce mai sayen ɗan'uwanmu ne, mutumin kirki, shi da abokansa sun haɗu suna zuwa wasan tare duk wata, har da iyalansu. Ya ce motar ta fi nasu ƙarfi, ita ce ma ke ciro sauran.

Ya raka ni har bakin titi, ya tura mini goro a aljihu. Farantan ya ce in tafi da abina, kada su ɓata masa tebur.

Ban tsaya nan ba. Na je wajen 'yan sanda, suka saurare ni da kyau, suka tambayi lambar motar, na ce ba ta da lamba, suka tambayi sunan mai ita, na ce ban sani ba. Na ga dai ba su da inda za su kama. Na sami manyanmu bayan sallar Juma'a. Suka ce na kyauta, amma kada in kai maganar waje, mu ba mu da yawa a ƙasar nan, in sunan ɗaya ya ɓaci na kowa ya ɓaci. Za su yi magana da Alhaji Garba a cikin gida. Bitrus ya je wajen dattawan cocinsu, da ya dawo na tambaye shi, ya ce, "Malam, kamar tare suka yi mitin da naku." 'Yata ta nemo mini wasu filayen lakar da ke kusa da Birmingham a waya, muka aika musu saƙo, biyu suka amsa suka ce za su sa ido. Ni da Bitrus mun je uku daga cikin filayen da kanmu, muka tsaya cikin ruwan sama muna duba bayan kowace mota. Filayen suna da yawa, wasu ma gonar mutum ce da ba ta da suna.

Da Oga ya ji na je Lozells, bai yi faɗa ba. Ya daina gaishe ni ne kawai. Bitrus kuwa aka fara ce masa babu aikin walda a wannan makon, sai wani makon, har ya gane. Abin da ya fi ƙona mini rai, sai na fara jin magana tana yawo a Longsight wai Bitrus ne ya yi aikin banza ya gudu gida, wai ni kuma dama ba ni da cikakkiyar lafiya, GP, wato likitana, ma ya sani. Mutumin da bai taɓa sakin mahaɗa ba sai ya goge allinta da yatsansa, yau shi ne mai aikin banza. Yanzu yana jera kaya a wani sito. Na ce masa ya nemi wani garejin, ya ce hannunsa ba ya son riƙe wutar tukuna. Ni ma na bar wurin, ina wani shagon taya a Salford. Oga ya samu wani mai walda, na ji sun yanka mota ta biyu.

Ga ƙannena da ke shigowa wannan sana'a, abin da na gani shi ne wannan. Mu mutane ne masu kiyaye fuskar juna, kuma abu ne mai kyau, ni ma an kiyaye tawa sau da yawa. Amma a duk mutanen da na bi, babu wanda ya ce mini ƙarya nake, babu wanda ya ce ƙarfen zai riƙe. Kowa ya yarda, kowa ya sa mini albarka, kowa kuma yana da fuskar da yake karewa: ta Oga, ta dillali, ta jama'a. Mutumin da zai zauna a ɗaya bakin igiyar ne kawai ba shi da mai kare shi, don ba wanda ya san fuskarsa. In abokin aikinka ya tafi ya bar aiki, ka tambaye shi, ko a kan kabarin uwarsa yake tsaye. Zai ji haushi, ya huce.

Yanzu ga roƙona, musamman ga mutanenmu na Birmingham da kewaye. Motar launin toka ce, ƙofar direba shuɗiya don daga wata motar muka ciro ta. Gajeriya ce ƙwarai, bayanta a buɗe, lagireto yana tsaye a bayan kujeru. Kusa da sitiyari akwai wani jan maɓalli, a ƙarƙashinsa an rubuta FANKA da farin fenti, rubutun bai miƙe ba, hannuna ne. Mai yiwuwa an sake mata launi, amma ba na jin an goge wannan. In ka san mai ita, ko ka san wanda ke zuwa wasan laka da abokansa, ba sai ka faɗa mini sunansa ba, ba sai ka haɗa mu ba. Ka ce masa kada ya sake sa igiya a ƙugiyar baya, ko ya ja ko a ja shi. Ya kai ta wajen kowane mai walda, a kankare baƙin fentin da ke ciki da ƙarƙashin ƙarfen baya, zai gani da idonsa. In yana son farantan, suna wajena, kyauta; duk mahaucin da ke jin Hausa a Longsight ya san inda zai same ni.

In an riga an gyara ta, don Allah a aiko mini da kalma ɗaya in samu in ci abinci. In kuma ta riga ta yi abin da nake tsoro, shi ma kada a ɓoye mini. Gara in sani.